Tsakanin Rumbu da Turke: Inganta Irin Gero da Dawa Bisa Ma'aunin Kasuwar Shanu ta Potiskum

1.0 Gabatarwa

Garin Potiskum da ke Jihar Yobe ya yi suna da kasuwar shanu, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Duk ranar Laraba akan shigo da bunaji da rahaji da wadara da bokoloji daga rugagen Yobe da Barno da Bauci, har da na ƙasashen Nijar da Cadi da Kamaru, fatake su saya su loda a manyan motoci zuwa biranen kudu. Wanda ya ji an ambaci wannan kasuwa a cikin zancen inganta irin hatsi zai iya ɗauka an yi ɓatan kai, tun da gero da dawa suna da tasu kasuwar daban a garin. Sai dai a gefen turakun shanun ne ake sayar da kara da harawa da dusa da kowa, kuma a nan ne makiyayi ke sanin buhun gero nawa sansa zai saya masa. Wannan maƙala za ta bi diddigin aikin da masana suka yi wajen kyautata irin gero da dawa, ta auna shi da waɗannan abubuwa biyu, wato abin da mutum zai ci da abin da dabbarsa za ta ci, domin a wannan yanki ba a raba su.

2.0 Saniya a Kan Sikelin Hatsi

Yawancin abincin makiyayi hatsi ne da nono. Nama sai jefi-jefi. Idan ya kora sa zuwa kasuwa, galibi hatsi yake nufin komawa da shi. Manomi kuma akuyarsa da tunkiyarsa su ne asusunsa, su yake fitarwa a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Saboda haka farashin dabba shi kaɗai ba ya nuna halin da jama'a ke ciki, sai an gwama shi da farashin buhu.

A shekarar fari waɗannan farashi biyu sukan rabu, kowanne ya kama gabansa. Ciyawa takan ƙare, dabbobi su rame, kowa ya yi gaggawar rabuwa da nasa kafin su mutu, kasuwa ta cika, kuɗin dabba ya faɗi. A daidai wannan lokaci hatsi yana ƙaranci, kuɗinsa yana hawa. Haka aka gani a farin 1973 da na 1984, na biyun ma ya tarar da garken da annobar bushiya ta 1983 ta riga ta ragargaza. Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a ƙasar Hausa, da Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru yana bin rayuwar ƙauyen Dagaceri da wasu ƙauyukan arewa maso gabas, duk sun nuna cewa yunwa takan kama gida ne ta hanyar kasuwa: ana iya samun hatsi jibge a rumfa, amma abin da talaka ya mallaka ba zai saye shi ba.

Akwai kuma wata yunwar da ba ta jiran fari. Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a Jihar Yobe kuwa adadin ya wuce rabi. Binciken ya kuma sami ƙarancin jini a jikin kashi 68 cikin 100 na ƙananan yara, da kashi 58 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa. Abin lura shi ne jihar da ke tura shanu kudu kowane mako, take kuma cikin manyan masu noman gero, ita ce ke da wannan adadi.

3.0 Hatsin da Aka Gada

Gero ɗan ƙasa ne. Masu haƙar kayan tarihi sun sami alamun geron gida mafi tsufa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, na kimanin shekara 4,500 da suka wuce, sun kuma same shi a Gajiganna, arewa da Maiduguri, a matsugunan da suka haura shekara 3,000. Daga Afirka ya ƙetara zuwa Indiya. Dawa kuma daga gabashin Sudan aka fara mayar da ita amfanin gona. Ke nan kafin a kafa wata cibiyar bincike manoman wannan yanki sun yi dubban shekaru suna zaɓen iri, suna ware zangarniya mai kyau a lokacin girbi, suna cire shibra daga gona don kada ta gurɓata na baɗi. Kalmar shibra ma, wato geron da ya yi barbara da na daji yake kakkaɓe tsabarsa tun a tsaye, ta shiga littattafan masana tsirrai na duniya da sunanta na Hausa, haka nan ƙaura da farafara a fagen dawa.

Hausa ta bambanta gero da maiwa da dauro, kuma bambancin yana da tushe a kimiyya. Gero yana ƙidaya kwanaki ne tun daga shuka, ya nuna cikin wata 3 ko ƙasa da haka. Maiwa da yawancin dawar gargajiya kuwa tsawon yini suke bi: ko an shuka su da wuri ko an makara, ba sa fitar da kai sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina. Wani masani mai suna D. L. Curtis ya wallafa nazari a 1968 inda ya nuna cewa dawar kowane yanki na Nijeriya tana fitar da kai ne daidai da lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a yankin. Hikimar hakan ita ce tsaba ta nuna a busasshiyar iska, ba ta yi fumfuna ba, kuma gonaki su nuna tare, ɓarnar tsuntsu ta rarrabu.

Wannan tsari ya dogara ne ga damina ta cika alkawari. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwan Sahel ya ragu, damina ta gajarta, iri mai nauyi ya fara kasa kaiwa. Manoma ba su jira kowa ba. Wani nazari da Yves Vigouroux da abokan aikinsa suka fitar a 2011 ya kwatanta geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan nan a 2003, aka tarar na baya ya fi saurin fure, alhali sunayen irin ba su canza sosai ba. Wato irin gargajiya da kansa yana tafiya da zamani a hannun masu shi. Duk mai son kawo sabon iri da wannan gwanintar zai yi gasa.

4.0 Tsaba da Kara

Babban ci gaban da aka samu a noman alkama da shinkafa a Asiya cikin shekarun 1960 ya ginu ne a kan gajarta kara. Alkamar da Norman Borlaug ya fitar a Meziko, wadda ta kai shi ga lambar Nobel a 1970, da shinkafar IR8 da aka saki a Filifin a 1966, duk gajeru ne. Dalili kuwa shi ne tsiro yana raba abincin da ya haɗa tsakanin jiki da tsaba. Idan jikin ya gajarta kason tsaba ya ƙaru, kuma ko an zuba taki da yawa ba zai kwanta ba. Da aka juyo ga gero da dawa sai aka fara da wannan tunani. An kafa cibiyar ICRISAT a kusa da Haidarabad ta Indiya a 1972 domin amfanin gonar ƙasashe masu ƙarancin ruwa, daga baya ta buɗe babban reshe a Sadore kusa da Yamai, da wani a Kano. A gida kuma akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922, da Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, aka kuma ɗora mata alhakin gero daga baya.

Irin da aka fara kawowa daga Indiya bai yi abin da aka zata ba a Afirka ta Yamma. Ƙasar nan rairayi ce mai ƙarancin sinadarin fosfaras, cututtukanta daban, ba ruwan ban-ruwa, taki kuma ba ya isa. Amma akwai wani dalili da kasuwar shanu ta fi kowa iya bayyana shi. A ƙasar Potiskum ruwa na sauka ne daga wajejen Yuni zuwa Satumba, sauran watanni 8 kuwa dabba na rayuwa ne da abin da damina ta bari. Karan dawa da na gero shi ne abincin rani, shi ne danga, shi ne rufin ɗaki da makamashi, tokarsa ma tana da amfani a madafa. Mai kiwon turke, wanda kan sayi ramammen sa bayan kaka ya ɗaure shi wata 3 ko 4 ya mayar kasuwa, ko mai tanadin ragon layya, da kuɗi yake sayen kara da harawa da dusa, kuma kuɗinsu yana hawa har zuwa faɗuwar ruwa. Manomin da aka ba irin da zai ƙara masa buhu 2 na tsaba ya rage masa rabin kara, lissafi zai yi, kuma sau da yawa lissafin ba ya goyon bayan sabon irin. An daɗe ana kiran wannan taurin kai ko jahilci a rahotannin malaman gona, alhali kuwa ma'aunin masu rahoton ne bai cika ba, don tsaba kaɗai suke ɗorawa a sikeli. Wani abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne a garuruwa da dama kasuwar dabbobi kanta kara ake ce mata, a rubuce kuma babu abin da ya raba ta da karan dawa.

Tarihin gajeren ƙaura ya isa misali. Samaru ta fitar da wannan iri mai lamba SK5912, wanda ake kira SAMSORG 17, yana da yawan tsaba, kuma bai kai ƙaurar gargajiya tsawo ba. Babbar kasuwarsa ta buɗe ne lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun lemo da makamantansu suka koma ga dawa, suka riƙa neman tsaba iri ɗaya mai yawa. Wanda yake noma don masana'anta ya karɓe shi hannu biyu. Wanda yake noma don tuwon gidansa da turken bayan ɗaki kuwa ya ci gaba da riƙe doguwar dawarsa, ko ya raba gonar biyu.

A fagen gero an fi samun dacewa. Tun da farko Samaru ta tace wani iri daga geron tsohon lardin Barno, wanda Yobe ke cikinsa kafin a ƙirƙiro ta a 1991, aka sa masa suna Ex-Bornu. Daga baya aka sami SOSAT-C88, wanda masanan ƙasar Mali da na ICRISAT suka haɗa daga nau'o'in gero biyu na can, suna da sanyo, cibiyar Maiduguri ta gwada shi, aka sake shi ga manoman Nijeriya a 2000. Yana nuna da wuri, zangarniyarsa a cike take dam, yana jure cutar nan da ke mayar da kan gero ganye, kuma bai gajarce har ya rasa kara ba. Wannan ne ya sa ya bazu a Yobe da Barno da Jigawa fiye da waɗanda suka gabace shi, daga baya kuma aka fitar da Super SOSAT a 2011. Duk da haka yana da nasa cikas. Zangarniyarsa ba ta kai ta zango tsawo ba, ga mutanen da suka saba ƙidaya arzikin gona da dami. Kuma duk gonar da ta riga maƙwabtanta nuna, ita jan-baki zai fara sauka a kai.

Sannu a hankali masana suka sauya tambaya, suka fara neman iri mai biyan buƙata biyu. A kasuwar abincin dabbobi ta Haidarabad, Michael Blümmel na cibiyar ILRI da abokan aikinsa sun riƙa sayen karan dawa daga hannun 'yan kasuwa suna auna shi a ɗakin gwaji. Sun tarar karan da aka fi tsadantawa shi ne wanda cikin dabba ya fi narkarwa, wato 'yan kasuwa sun san ingancin kara tun kafin na'ura ta tabbatar. Sun kuma tarar kyan kara ba lalle ne ya rage yawan tsaba ba, ana iya zaɓen iri mai duka biyun. Daga nan aka ƙara mayar da hankali ga dawar da ganyenta ke zama kore har bayan tsaba ta nuna, da mai zaƙin kara irin takanɗa. Dillalin harawa a Potiskum, wanda yake duban launin ganye da ƙamshinsa kafin ya yi tayi, irin wannan ilimin yake aiki da shi.

Wake ma ya shigo lissafin, ko da yake ba hatsi ba ne, don da wuya a ga gonar gero babu shi. A reshen cibiyar IITA na Kano, B. B. Singh ya fitar da nau'o'in wake masu ba da tsaba da harawa tare, ya kuma gwada tsarin shuka layi 2 na hatsi da layi 4 na wake, domin waken ya sami rana. A ƙarshen shekarun 1990 an gwada wannan tsari da manoman yankin Bici, inda aka riƙa ciyar da tumaki da awaki da abin da gonar ta bari, a mayar da takinsu gonar. Saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawa tana ƙara wa dabba ƙiba, dabba tana mayar da taki. Tsohon tsari ne da manomi da makiyayi suka sani tun zamanin da ake gayyatar garke ya kwana a gona bayan girbi, bincike ya ƙara masa iri da ƙa'idar jeri ne kawai.

5.0 Ƙoshi da Gina Jiki

Cika ciki daban, gina jiki daban. Gero ya fi farar shinkafa da masara sinadarin ƙarfe da zinki, waɗanda jiki ke buƙata don yin jini da girma da kariya daga cuta. Sai dai ba duk abin da ke cikin tsaba ne ke shiga jini ba. Akwai wani sinadari a cikin hatsi da ake kira fayitet, wanda yake ɗaure ƙarfe da zinki ya hana hanji tsotse su. Surfe yana rage shi, amma yana tafiya da wani kaso na ƙarfen zuwa cikin dusa, wadda ita kuma turke take nufa. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko da kamu, da kuma tsirar da shi, suna karya fayitet ba tare da an yi asara mai yawa ba. Furotin ɗin gero da dawa kuma yana da ƙarancin wani ɓangare mai suna laisin, wanda wake da nono suke da shi a wadace. Ke nan fura da nono, ko tuwo da miyar wake, haɗi ne da kimiyya ta amince da shi. Matsalar ita ce gidan da ya fi buƙatar nonon shi ne ya fi saurin sayar da shi, ko ya rasa saniyar tatsa gaba ɗaya.

Daga nan tunanin ƙara wa tsabar kanta sinadari ya taso, ta hanyar zaɓe da barbarar iri, domin amfanin ya isa ga wanda ba ya sayen abincin gwangwani ko ƙwayar magani. An fara da masara. Bayan gano wata masara mai yawan laisin a Jami'ar Purdue ta Amurka a 1964, Evangelina Villegas da Surinder Vasal suka shafe shekaru a Meziko suna gyara ta har ta zama mai ƙwarin tsaba, aka ba su lambar yabo ta abinci ta duniya a 2000. Gana ta saki irin wannan masara da sunan Obatanpa a 1992, ita ce Samaru ta fitar da sunan SAMMAZ 14. Shirin HarvestPlus, wanda Howarth Bouis ya jagoranta, shi ya faɗaɗa aikin zuwa ƙarfe da zinki da bitamin A.

Labarin gero mai ƙarfe ya cancanci a tsaya a kansa. A arewacin Togo akwai wani geron gargajiya da ake kira iniyadi, mai manyan ƙwayoyi da saurin nuna. An kai shi Indiya, ICRISAT ta fitar da iri daga cikinsa mai lamba ICTP 8203, manoman jihar Maharashtara suka karɓe shi. Da aka zo auna sinadarai sai aka tarar jinin iniyadi ya fi saura ƙarfe. Aka sake tace shi, aka fitar da Dhanashakti, wanda aka amince da shi a duk faɗin Indiya a 2014. An gwada amfaninsa a jikin mutane: a wani nazari da Julia Finkelstein da abokan aikinta suka wallafa a 2015, an ciyar da 'yan makaranta 246 masu shekara 12 zuwa 16 da gero na tsawon wata 6, wasu mai ƙarfe wasu na yau da kullum, aka ga ajiyar ƙarfe ta fi ƙaruwa a jikin kashin farko. Wani nazarin na 2013 a ƙasar Benin ya nuna matasan mata sun tsotsi ninki biyu na ƙarfe daga irin wannan gero. A 2018 Jamhuriyar Nijar ta saki ɗan wannan dangi da sunan Chakti, gero na farko irinsa da aka saki a Afirka, mai ɗauke da fiye da miligiram 65 na ƙarfe a kowane kilo, alhali irin da manoma suka saba yana da wajen 47. Daga baya ya shigo Nijeriya ta hannun cibiyar Maiduguri. Irin da ya bar Afirka ta Yamma a cikin jakar masu tattara iri, shi ne ya dawo mata bayan shekaru da sabon suna.

Ba wannan ne karo na farko ba. Ƙaura mai rawayar tsaba tana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, ko da yake kaɗan ne, kuma tun a shekarun 1950 aka ɗebi irinta daga arewacin Nijeriya zuwa Amurka, inda ta shiga cikin dawar da ake nomawa can. A gida kuma Samaru da ICRISAT sun saki SAMSORG 45 da SAMSORG 46 a 2016, dawa mai saurin nuna da aka zaɓa saboda yawan ƙarfenta.

Ya kamata a faɗi iyakar abin. Gero mai ƙarfe yana cike wani giɓi ne a hankali ga mai cin sa kullum. Ba zai warkar da ƙarancin jinin da zazzaɓin cizon sauro ko tsutsar ciki suka haddasa ba, kuma yaron da ake yayewa da tsinkakken koko zalla zai tsumbure ko da wane irin gero aka dama shi.

6.0 Daga Cibiya Zuwa Gona

Fitar da iri a cibiya shi ne rabin aiki mai sauƙi. Dawa galibi kanta take yi wa barbara, saboda haka irinta yakan daɗe bai canza ba. Gero kuwa ɓangaren macen furensa yana riga bununinsa fitowa, don haka iska ce ke kawo masa bununi daga wasu zangarnun, har da na gonar maƙwabci. Manomin da ya shuka SOSAT ko Chakti a tsakiyar gonakin gargajiya, ya ɗebi iri daga abin da ya girba, bayan damina 3 ko 4 abin da ke hannunsa gauraye ne, sunan kawai ya rage. Dole a riƙa sabunta iri daga tushe mai tsabta, wannan kuwa yana buƙatar gonakin iri da aka keɓe da masu sayarwa amintattu a kusa. Kamfanonin iri sun fi karkata ga masara da shinkafa, inda ciniki yake, tun da mai gero mudu kaɗan yake buƙata a shekara, kuma ya saba ɗiba daga rumbunsa ko ya saya a kasuwar hatsi, inda ba a rabe tsabar ci da ta shuka ba.

Iri kuma ba ya aiki a kan ƙasar da ta gaji. A Nijar ne masanan ICRISAT suka gwada zuba ɗan taki kaɗan, abin da bai wuce cikin murfin kwalba ba, a ramin shuka maimakon watsa shi a gona, aka ga gero ya amsa ƙwarai. Gajiyar ƙasa ita ce kuma abokiyar wuta-wuta, ciyawar da ke manne wa saiwar hatsi tana tsotse shi tun kafin ta fito fili. Tushe ɗaya yana zubar da dubban ƙwayoyi, su kwanta a ƙasa fiye da shekara 10, ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Gebisa Ejeta, ɗan ƙasar Habasha, ya sami lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009 saboda dawar da ya fitar mai ƙarancin wannan sinadari, amma shi ma ya nuna sai an haɗa irin da taki da tattalin ruwa. A nan ma kasuwar shanu ta sake shigowa, don kashin dabbobin da ake kwashewa daga turaku da mayanka yana daga cikin takin da gonakin kewayen gari suke samu.

Rashin zaman lafiya ya ƙara nauyi a kan duk wannan. A watan Mayu na 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanun Potiskum, suka kashe mutane fiye da 30, dabbobi masu yawa suka ƙone. Shekarun rikicin da suka biyo baya sun raba dubban manoman Barno da Yobe da gonakinsu, kuma wanda ya gudu ya bar rumbu ya bar irin da kakanninsa suka zaɓa. Irin agaji da aka raba wa masu komawa gida ya zama wata ƙofa da sababbin nau'o'i suka shiga ƙauyuka, wani lokaci ba tare da an tambayi ko sun dace da ƙasar wurin ba.

Saura matsala ɗaya da ta keɓanta ga iri mai gina jiki. Saurin nuna ana ganinsa, yawan dami ana ƙidaya shi, kyan kara dillali yana saye. Ƙarfe da zinki kuwa ba su da launi, ba su da ɗanɗano. Mai awo a kasuwa ba zai ƙara ko kwabo a kan mudun Chakti saboda su ba, don ba shi da hanyar tantancewa, mai saye ma haka. Idan irin ya karɓu, saurin nunarsa da girman ƙwayarsa ne suka jawo. Indiya ta bi ta wata hanya a 2018, inda hukumar binciken aikin gonarta ta ƙa'ide cewa ba za a saki wani sabon irin gero ba sai yana da aƙalla miligiram 42 na ƙarfe da 32 na zinki a kowane kilo. Da wannan ƙa'ida manomi zai zaɓi iri don tsabarsa ko don karansa, sinadarin kuma ya biyo shi gida ko bai nema ba. A Nijeriya kwamitin da ke rajistar sababbin nau'o'in iri yana zama ne a Ibadan, a cibiyar adana irin tsirrai ta ƙasa, kuma ta gabansa kowane geron Maiduguri da kowace dawar Samaru suke bi kafin su iso gonakin Fika da Nangere.